Shin Wajibi Ne Kulob Ya Riƙe Ɗan Wasan da Ya Daɗe Yana Yi Masa Hidima?

 Darasinmu na wannan fitowa daga filin ƙwallon ƙafa ya fito, kuma tambaya ce da kan tayar da musu a gidajen kallon ƙwallo duk ƙarshen kakar wasa. Ɗan wasa ya shafe shekara goma ko goma sha biyar a kulob ɗaya, ya ci masa kofuna, yanzu ƙafarsa ta fara nauyi. Shin wajibi ne kulob ɗin ya ci gaba da riƙe shi, ko ya sallame shi ya kawo sabon jini? Wasu na cewa sallamarsa butulci ne, an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Wasu kuma na cewa ƙwallo sana'a ce, ba a ɗaga kofi da tsohon suna.

Da muka duba abin da ya faru da wasu fitattun 'yan wasa, sai muka ga masu musun suna cakuɗa abu biyu. Na farko shi ne gurbi a cikin 'yan wasa goma sha ɗaya da ke shiga fili. Na biyu shi ne haƙƙin mutum a kan waɗanda ya yi wa hidima, wato a faɗa masa gaskiya, a mutunta shi, a kuma tsaya masa ranar da ya shiga matsala. A ganinmu na farkon ba a bin kowa bashinsa, amma na biyun bashi ne a wuyan kowane kulob.

Igiyar da ke ɗaure ɗan wasa da kulob

Abin da ke haɗa ɗan wasa da kulob shi ne kwantiragi, wato yarjejeniya a rubuce mai wa'adi, wadda ta bayyana albashinsa da shekarun da zai yi. A da, a nahiyar Turai, ko wa'adin ya ƙare ɗan wasa ba ya iya komawa wani kulob sai an biya tsohon kulob ɗinsa kuɗi. Wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ne ya kai ƙara a kan haka. Kwantiraginsa da RFC Liège ya ƙare a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, sai maganar kuɗi ta hana. A ranar 15 ga Disamba 1995 Kotun Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya kyauta.

Wannan hukunci ya sauya lissafin kowa. Ɗan wasa ya samu 'yancin bin inda albashi ya fi tsoka. Shi kuma kulob ya koyi sayar da ɗan wasa tun yana da daraja a kasuwa, kafin wa'adi ya cika ya tafi ba a samu ko sisi ba. Don haka kada mu ɗauka kulob kaɗai ke juya baya. Sau da yawa ɗan wasa ne ke barin kulob ɗin da ya raine shi da zarar babban kulob ya yi masa tayi.

Dalilan da ke sa kulob ya sallami tsohon ɗan wasa

Dalili na farko jiki ne. Yawancin 'yan wasa idan sun haura shekara talatin gudunsu kan ragu, rauni kan daɗe bai warke ba, kuma buga wasa biyu a mako guda kan yi musu wuya. Dalili na biyu gurbi ne. Mutum goma sha ɗaya kawai ke fara wasa, duk wanda aka saka don tsohon sunansa ya tare wa wani matashi hanya.

Inter Milan ta Italiya misali ce. A 2010 ta ci kofi uku a kaka ɗaya: gasar Serie A, kofin Italiya da Gasar Zakarun Turai. Da yawa daga cikin jaruman wannan nasara sun kai shekara talatin ko sun wuce, kuma kulob ɗin ya ci gaba da dogaro da su. A 2012 ya ƙare gasar a matsayi na shida, a 2013 na tara, bai sake ɗaga kofin Serie A ba sai 2021. Akwai wasu dalilai, ciki har da tafiyar koci José Mourinho da yawan sauya masu horarwa bayansa, amma jinkirin sabunta tawagar yana daga cikin manyansu.

Dalili na uku kuɗi ne. Tsofaffin taurari su suka fi ɗaukar albashi. Lionel Messi ya je Barcelona yana ɗan shekara 13, ya buga wa babbar tawagarta wasa 778, ya zura ƙwallo 672. A 2021 ya amince a rage rabin albashinsa don ya zauna, amma bashin da ke kan kulob ɗin ya haura Yuro biliyan ɗaya, kuma dokar La Liga ta iyakance abin da kowane kulob zai kashe a kan albashi. Messi ya yi bankwana yana hawaye, ya koma Paris Saint-Germain. Abin lura a nan shi ne, kulob ɗin da ya yi almubazzaranci da dukiyarsa, ko yana son yin halacci ba zai iya ba.

Abin da kulob ke asara idan ya yi gaggawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Andrea Pirlo ya yi shekara goma a AC Milan, ya ci Gasar Zakarun Turai sau biyu, a 2003 da 2007. A 2011, yana da shekara 32, Milan ta bar shi ya tafi Juventus kyauta. A kakarsa ta farko Juventus ta ɗauki kofin Serie A ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, Milan ta zo ta biyu. Pirlo ya ci kofin sau huɗu a jere a Juventus, ita kuwa Milan sai a 2022 ta sake ganinsa. Milan ta duba shekarunsa, ba ta duba cewa aikinsa na raba ƙwallo daga tsakiya ya fi buƙatar ido da basira a kan gudu ba.

Ryan Giggs ya nuna wata hanyar. Ya buga wa Manchester United wasa 963, ya rataye takalminsa a 2014 yana da shekara 40. Da gudunsa ya ragu, sai koci Alex Ferguson ya riƙa matso da shi daga gefe zuwa tsakiya, ya kuma rage masa yawan wasanni. Giggs ya yarda da hakan. Kulob ya amfana da gogewarsa, matasa kuma sun samu wanda za su koya daga gare shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yanzu ma da doka ta ba da damar sauya 'yan wasa biyar a wasa ɗaya, an ƙara samun hanyar amfani da gogaggen ɗan wasa na minti ashirin ko talatin ba tare da an gajiyar da shi ba.

Amma wannan tsari ba ya tafiya sai ɗan wasan ya karɓi sabon matsayinsa. Francesco Totti ya buga wa Roma daga 1993 zuwa 2017, bai taɓa sa rigar wani kulob ba, ya kuma ci mata Serie A a 2001. A shekarunsa na ƙarshe yawanci a benci yake zama, abin da ya jawo tsamin dangantaka tsakaninsa da koci Luciano Spalletti, ya kuma raba kan magoya baya. Kowa na ƙaunar Totti, amma aikin koci shi ne ya fitar da waɗanda za su ci wasan ranar.

Yadda ake rabuwa

A nan ne ake gane halacci. Iker Casillas ya shiga Real Madrid yana ɗan shekara tara, ya yi shekara 25 a can, ya tsare mata raga a wasa 725, ya ci Gasar Zakarun Turai sau uku. A watan Yuli 2015, lokacin da zai koma Porto ta Fotugal, shi kaɗai ya zauna gaban 'yan jarida yana karanta jawabin bankwana cikin kuka, babu wani shugaban kulob a gefensa. Suka ta yi yawa, washegari aka shirya masa wani taron a filin Santiago Bernabéu tare da shugaban kulob ɗin. Mai yiwuwa ne Madrid tana da hujjar sauya mai tsaron raga, amma ba ta da hujjar barinsa ya yi bankwana shi kaɗai.

Mu kwatanta da Gerd Müller, wanda ya ci ƙwallo 365 a gasar Bundesliga ta Jamus. Bayern Munich ba ta riƙe shi a fili har abada ba, domin a 1979 ya tafi Amurka. Bayan ya daina wasa sai shaye-shayen giya ya kama shi. Tsofaffin abokan wasansa da ke shugabancin kulob ɗin, irin su Uli Hoeness da Franz Beckenbauer, suka lallashe shi ya je neman magani, sannan a 1992 aka ba shi aikin horarwa a ƙaramar tawagar Bayern. Ya yi shekaru masu yawa a wannan aiki kafin rashin lafiya ta tsayar da shi, ya rasu a 2021. A lokacin da aka taimake shi, babu ƙwallo ko ɗaya da zai iya ci wa Bayern. Wannan shi ne halaccin da muke nufi.

Akwai wasu hanyoyin girmamawa. AC Milan ta jingine riga mai lamba 6 saboda Franco Baresi, da mai lamba 3 saboda Paolo Maldini. A Ingila akwai al'adar shirya wasan karramawa ga wanda ya cika shekara goma a kulob ɗaya. A da kuɗin ƙofa na wannan wasa shi ne guzurin ɗan wasan bayan ya yi ritaya, yanzu kuwa taurari da yawa kan ba da shi sadaka.

A nan gida

Magoya bayan Kano Pillars sun san wannan tambaya. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, yana cikin tawagar da ta ci gasar Najeriya a 2012, 2013 da 2014, ya zama kyaftin, ya kuma ci gaba da buga wa Masu Gida wasa har bayan ya haura shekara 40, yana cin ƙwallaye. Ba tausayi ne ya riƙe masa gurbi ba, ƙafarsa ce. Sai dai yanayinmu ya bambanta da na Turai. Yawancin manyan ƙungiyoyinmu mallakar gwamnatocin jihohi ne, albashi bai kai na waje ba, kuma koke-koken jinkirin biyan albashi da alawus ba baƙon abu ba ne a gasarmu. Tauraron Turai idan an sallame shi yana da dukiyar da zai rayu da ita. Ɗan wasanmu kuwa yana iya barin fili da ciwon gwiwa da iyali, babu sana'a a hannu. Saboda haka halacci a nan yana farawa ne da biyan mutum haƙƙinsa a kan lokaci, da yi masa magani idan ya ji rauni a bakin aiki.

Matsayinmu

Muna ganin kulob yana da 'yancin ajiye kowane ɗan wasa a benci, ko ya ƙi sabunta masa kwantiragi, idan akwai wanda ya fi shi. Amma abubuwa huɗu sun wajaba a kansa. Ya auna ɗan wasan da abin da yake yi a fili, ba da shekarun haihuwarsa ba. Ya faɗa masa gaskiya da wuri, baki da baki, don ya nemi wani wuri kafin kasuwa ta rufe. Ya biya shi duk abin da yake bi, ya kuma kula da lafiyarsa. Sannan ya sallame shi da girma, ya buɗe masa ƙofar koyon aikin horarwa ko wani aiki idan ya cancanta. Shi ma ɗan wasan akwai nasa nauyin: ya san lokacin da ya kamata ya matsa wa na baya, kada ya mayar da ƙaunar magoya baya makamin yaƙar koci.

Matasan kulob suna kallon yadda ake yi wa manyansu. Wanda ya ga an wulaƙanta kyaftin ɗinsa, ya san abin da ke jiransa, kuma ba zai yi jinkirin tafiya ba ranar da aka yi masa tayi.

Wannan darasi ya shafe mu a makaranta. Idan ɗan aji ɗaya ya fi kyaftin ɗinmu na ajin ƙarshe iya wasa, malamin wasanni yana da hujjar saka shi. Amma ya kamata kyaftin ɗin ya ji daga bakin malamin tun kafin ranar wasa, kada ya fara gani a takardar sunaye. A ba shi aikin jagorantar atisaye, a kuma ambaci sunansa ranar rabon kyaututtuka. Mu kuma 'yan kallo kada mu yi wa wanda ya yi mana shekaru yana zufa ihu don ya ɓarar da ƙwallo ɗaya.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin abin da ya faru da Pirlo da abin da ya faru da tawagar Inter Milan ta 2010?

2. Da kai ne kocin Roma, yaya za ka yi da Totti a kakarsa ta ƙarshe?

3. Wane tanadi ya kamata ƙungiyoyin ƙwallonmu su yi wa ɗan wasa kafin ya rataye takalminsa?

Ku rubuta amsoshinku a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida. Za mu liƙa waɗanda suka fi hujja a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.