Ɗorewa Kan Barin Taba a Jidda da Matsayin Abokan Zama

Barin taba sigari mataki biyu ne, wato yanke ta da kuma ɗorewa a kan yankewar, kuma na biyun ne ya fi kayar da mutane. Nikotin, sinadarin da ke sa jiki ya kamu da taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan an zuƙi hayaƙi, sannan rabinsa ya bar jini cikin kusan awa 2, shi ya sa mashayi ke laluben wani karan tun kafin hantsi ya dubi ludayi. Idan aka daina, alamomin ƙishin nikotin, irin su saurin fushi da rashin barci da yawan jin yunwa da kasa tattara hankali, sukan tsananta a kwanaki 3 na farko, su lafa cikin mako 2 zuwa 4. Wanda ya koma wa taba bayan wannan lokaci, galibi sabo ne da wurin zama suka ja shi, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗaure taba da shayi, da hira, da gajiyar aiki, da ɓacin rai.

Hukumomin Saudiyya sun yi nasu ƙoƙarin: ƙasar ta shiga yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005, ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan taba a watan Yunin 2017, daga baya kuma ta tilasta sayar da ita a kwali marar ado. Tsada takan sa mutum ya ƙulla niyya, amma ba ta zama kusa da shi a majalisa bayan sallar isha.

Majalisa kuwa ba ƙaramin abu ba ce ga Bahaushen Jidda. Zafi da gumin bakin teku sun mayar da hira ta zama ta dare, kuma a wannan zama ne direba da tela da mai aikin gini ke jin labarin aiki, da na gida, da na wanda zai tafi Kano a ba shi saƙo. Shawarar da aka saba bayarwa, cewa mai barin taba ya ƙaurace wa duk masu sha, ba ta da sauƙin bi ga wanda abincinsa ke rataye da waɗannan mutane. Ga kuma rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwanni irin su Karantina da Gulail da Petromin da Sabil, ya warwatsa maƙwabtan shekaru masu yawa, kaɗaici da damuwa kuwa suna cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum ga taba. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a gyara zaman, a kuma zaɓi mataimaka daga cikinsa.

Akwai hujjar ilimi a kan haka. A 2008 Nicholas Christakis da James Fowler sun wallafa nazarin da ya bi mutane fiye da 12,000 na binciken Framingham a Amurka tsawon shekaru 32, inda suka ga cewa mutane kan bar taba rukuni-rukuni: idan miji ko mata ya daina, yiwuwar ɗayan ya ci gaba da sha takan ragu da kashi 67 cikin 100, idan aboki ne kuwa da kashi 36. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana tun 1977 cewa yarda da kai, wato imanin mutum cewa zai iya wani takamaiman aiki, ta fi samuwa daga nasarar da shi kansa ya samu, sai ganin irinsa ya yi nasara, sannan ƙarfafawar baki. Ma'anar wannan ita ce wa'azi da yabo su ne mafi rauni, kuma tsohon mashayi da ya shekara bai taɓa kara ba ya fi wanda bai taɓa sha ba amfani, ko da na biyun ya fi iya magana.

A aikace, mai barin taba ya zaɓi mutum ɗaya ko biyu, ya faɗa musu ranar da ya daina, su amince cewa zai iya kiransu ko ya aika saƙon murya ta WhatsApp duk lokacin da sha'awa ta taso, domin sha'awar takan wuce cikin mintoci kaɗan, kuma kowace wadda aka tsallake hujja ce da za a tuna masa da ita gobe. Ya kuma sanar da majalisa a fili cewa kada a miƙa masa, domin kalmar "ja ɗaya kawai" daga bakin aboki ta fi kowace talla ƙarfi. Idan aka kawo shisha ya tashi, saboda mu'assal ɗin da ake zubawa taba ce mai nikotin, ruwan tulun kuma ba ya tace gubar, balle hayaƙin gawayin. Yana da kyau ya rage gahawa da shayi mai kauri, domin hayaƙin taba kan hanzarta fitar da kafeyin daga jiki, idan aka daina sai kofin da aka saba sha ya riƙa kawo bugun zuciya da hana barci, mutum ya ɗauka rashin taba ne. Azumin Ramadan dama ce mai kyau, sai dai lokacin haɗari shi ne bayan shan ruwa, don haka a shirya wanda za a wuce masallaci tare da shi kai tsaye.

Taimakon abokai ba ya maye gurbin magani. Filastar nikotin da cingam ɗinsa suna ƙara yiwuwar nasara da kusan rabi, ana kuma iya tambayar asibitocin daina shan taba na Ma'aikatar Lafiya ta lambar 937 ko manhajar Sehhaty, ko a tuntuɓi ƙungiyar Kafa da ke aiki a yankin Makka. Mai shan maganin ciwon sukari ko na tsinka jini ko na taɓin hankali ya sanar da likitansa cewa ya daina taba, domin wasu magunguna kan buƙaci a sake auna su.

Sauran batu shi ne tuntuɓe. Alan Marlatt, wanda ya yi fice a nazarin komawa ga shaye-shaye, ya nuna cewa abin da ke mayar da kara ɗaya ya zama kwali shi ne tunanin cewa komai ya riga ya rushe. Aikin aboki a wannan dare shi ne ya guji gori da dariya, ya sa a zubar da sauran karan nan take, su gano tare abin da ya jawo tuntuɓen, ko faɗa ne da uban gida ko dogon jira a mota, su shirya abin da za a yi idan ya sake faruwa, sannan a ci gaba da maganin washegari ba tare da jiran wata sabuwar ranar farawa ba.