Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Yi Farauta?

A karanta: Farawa 9:1-4, Kubawar Shari'a 22:6, 7.

Sa'ad da kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, samarin ƙasar Jega da Aliero da Maiyama su kan ɗauki gora, su kira karnuka, su faɗa daji. Da yamma su komo da zomo, ko gafiya, ko zabon daji. Wani ɗan'uwa ya tambaye ni, ya ce, "Fasto, wannan zunubi ne?" To, bari mu duba Littafi Mai Tsarki tare.

1. Nama kyauta ce daga wurin Allah.
Bayan ruwan tufana Allah ya yardar wa Nuhu da zuriyarsa su ci nama. Wanda ya shiga daji domin iyalinsa su sami abin miya bai yi laifi ba. Amma cikin Firistoci 17:13 an umarci maharbi ya tsiyaye jinin abin da ya kama, ya rufe shi da ƙasa, domin ya tuna rai na Allah ne. Kada fa mu kashe domin wasa ko fahariya.

2. A bar uwa.
Shari'ar Musa ta ce idan mutum ya tarar da sheƙar tsuntsu, ya iya ɗaukar 'ya'yan, amma lalle ya saki uwar. Manomin albasa a Aliero ya san dalili, gama ko kasuwa ta yi kyau ƙwarai ba ya sayar da ta iri. Maharbin da ya harbe gada mai ciki ya cinye irinsa. Tsofaffinmu sun san barewa a dazuzzukan nan, yaranmu kuwa sai a tatsuniya su ke jin sunanta. Gwamnati ta keɓe dajin Yankari a 1956, ta kuma kafa dokar namun daji ta Arewa a 1963, amma Allah ya riga ta.

3. A kiyayi wuta.
Waɗansu su kan cinna wa daji wuta domin gafiya ɗaya. Iskar hunturu ta kwashe ta, ta cinye harawar maƙwabci da ciyawar shanun Fulani. Fitowa 22:6 ta ɗora biya a kan wanda ya kunna wutar. Ɗan'uwa, idan ka taɓa yin haka, ka tafi wurin mai gonar, ka nemi gafara, ka biya. In ba haka ba, yaya zai ji bishara daga bakinka?

Tambayoyi
1. Don me aka ce a rufe jinin da ƙasa?
2. Wane nama ne ya ɓace a dajin garinku tun zamanin kakanka?
3. Me za ka bar wa jikokinka?

Ubangiji ya sa a iske mu amintattun wakilai bisa abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.