Shafin Girke-girkenki Ya Yi Nauyi? Matsalar Daga Tushe Take

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya game da shafin intanet da ta buɗe don girke-girken gargajiya zalla: miyar kuka, dambun shinkafa, funkaso, alkaki da makamantansu. A kan WordPress ta gina shi. Ta sayi tim mai ɗaukar ido, ta ɗora duk fulogin da ta ji ana yabawa. Yanzu shafin sai ya ga dama yake buɗewa a waya, haruffa masu ƙugiya suna fitowa wani iri, kuma ranar da ta gwada canza tim, sai jerin kayan haɗin kowane girki ya ɓace, wasu guntayen rubutu marasa ma'ana suka maye gurbinsa. Tana son ta san ko rushewa za ta yi ta sake sabon lale.

Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba sai kin rushe ba, kuma girke-girkenki suna nan. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma yau yake ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, ya raba aiki gida uku. Rubutunki yana zaune a rumbun bayanai. Tim shi ke kula da kamanni: launi, haruffa, inda hoto zai zauna. Fulogin kuma shi ke ƙara wa shafi wani aiki da bai zo da shi ba. Abin da ya same ki shi ne, masu sayar da tim da yawa suna cusa aikin fulogin a cikin tim ɗinsu don ya yi kasuwa. Tim ɗinki ne ke riƙe da katin girkin, wato jerin kayan haɗin, shi ya sa da kika cire shi katin ya bi shi. Tamkar mai haya ce da ta haƙa rijiya a gidan haya: rijiyar tana nan, amma ranar tashi ba ta ɗaukuwa.

Kafin ki taɓa komai, ki yi kwafin ajiya na shafin gaba ɗaya. Fulogin ɗin UpdraftPlus zai yi miki wannan kyauta, ya tura kwafin zuwa Google Drive ɗinki. Idan kamfanin da ke ba ki masaukin shafi yana bayar da shafin gwaji, a can za ki yi duk aikin da ke tafe. Sannan ki mayar da tsohon tim, za ki ga girke-girken sun dawo.

Daga nan sai babban aikin, wanda ya kamata a ce da shi aka fara tun kafin a zaɓi launi. Shafin da ya keɓanta da fanni guda yana da abu ɗaya da yake maimaitawa. A wajenki girki ne, kuma kowane girki yana da sassan da ba sa canzawa: kayan haɗi, matakan haɗawa, tsawon lokacin dahuwa, da yawan mutanen da zai isa. Waɗannan sassan su zauna a fulogin da ba ruwansa da tim. WP Recipe Maker an yi shi ne don wannan, kuma yana shirya bayanan yadda Google zai gane cewa girki ne, har ya iya nuna hoto da lokacin dahuwa a sakamakon bincike. Mai shafin gidajen haya ko na tallan littattafai zai yi irin wannan tsari da Custom Post Type UI tare da Advanced Custom Fields, mai sayar da kaya kuma da WooCommerce. Kwashe girke-girken daga tsohon tim zuwa fulogin aiki ne na hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma zai gajiyar da ke. Ki daure ki yi shi, domin sau ɗaya ake yinsa.

Yayin kwashewar, ki sake duba rukunan da kika kasa girkin a ciki. Tim ɗin da aka tsara a Turai zai zo miki da rabe-raben da ba haka muke neman abinci ba. Matar da ta buɗe shafinki da la'asar a watan azumi abin buɗa-baki take nema. Uwar amarya tana neman kayan gara, su alkaki da nakiya da dubulan. Wata miyar da za ta dace da tuwon masara take so. Ki kasa su haka: miya, tuwo, kayan fulawa, kunu da abin sha, girkin azumi, girkin sallah, gara.

Sai yanzu za a yi maganar sabon tim. Ki zaɓi mara nauyi wanda aikinsa kamanni ne kawai, irin su GeneratePress, Astra, Kadence, ko Twenty Twenty-Four da WordPress da kansa ya fitar. Tim iri biyu ne a yanzu. Na tsohon tsari ana gyara shi ta Customizer, inda za ki canza launi da tambari kina kallon yadda zai fito. Na sabon tsari, wanda ya shigo da WordPress 5.9 a 2022, ana gyara shi ta Site Editor, har saman shafi da ƙasansa za ki iya jerawa yadda kike so ba tare da rubuta kod ba. Kowanne zai yi miki aiki. Abin da nake hana ki shi ne buɗe fayilolin tim ki yi gyara a ciki kai tsaye, domin sabuntawa ɗaya za ta share duk wahalarki. Idan gyaran ya wuce abin da maɓallan ke bayarwa, a yi wa tim ɗin ɗa: ƙaramar jaka ce mai fayil ɗin style.css, a cikinsa a rubuta sunan uwar, sai ya gaji komai nata, gyaranki kuma ya zauna a jikinsa. Game da fulogin ɗin Elementor, wanda na san za a ce miki ba a yin shafi sai da shi, ra'ayina shi ne shafin girki bai buƙace shi ba. Yana ƙara nauyi, kuma ranar da kika kashe shi tsarin duk shafukan da kika gina da shi zai wargaje.

Batun haruffa ya fi damuna, domin shafukan Hausa da dama suna fama da shi masu su ba su lura ba. Yawancin salon haruffan da tim ke zuwa da su ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai waya ta aro su daga wani salon, ki ga "ƙuli-ƙuli" da harafin farko ya fi sauran kauri ko ya karkace. Noto Sans da Andika suna da su duka, manya da ƙanana. Kafin ki amince da kowane salo, ki rubuta jimla mai ɗauke da Ƙ, Ɗ, Ɓ da ƙananansu, ki duba ta a siriri da mai kauri. Adireshin kowane girki kuma ki rubuta shi da hannu babu ƙugiya, domin ƙ a cikin adireshi yakan rikiɗe ya zama %c6%99 idan an kwafa shi zuwa WhatsApp. Ki kuma gwada akwatin bincike na shafin: ki rubuta "dan wake" ki ga ko zai kawo "ɗan wake". Idan bai kawo ba, ki sa sunan mara ƙugiya a taƙaitaccen bayanin girkin, tunda mutane da yawa haka suke rubutu a waya.

Nauyin shafi kuwa, hotuna ne suka fi jawo shi. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit uku ko huɗu, kuma datar mai karatu ce ke biya. Ki rage faɗinsa zuwa kamar fiksel 1200 kafin ki ɗora, ki mayar da shi WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021. Sannan ki bi fulogin ɗinki: ki kashe su ɗaya-ɗaya a shafin gwaji, kina aunawa da PageSpeed Insights bayan kowanne. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Duk aiki ɗaya fulogin ɗaya: misali Yoast SEO da Rank Math aikinsu ɗaya ne, ki ɗauki guda, ba duka biyun ba. Wanda ba ki amfani da shi, ki goge shi gaba ɗaya. Wanda za ki ɗora sabo, ki duba yaushe aka sabunta shi da kuma shafuka nawa ke amfani da shi.

Ki guji tim da fulogin na kuɗi da ake rabawa a araha ko kyauta a zaurukan Telegram da WhatsApp. Fasa su aka yi, ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa akwai muguwar manhaja a ciki. A 2019 kamfanin tsaro na Wordfence ya bayyana yadda wata mai suna WP-VCD ta bazu a shafuka masu yawa ta wannan hanya. Idan wani ne ya gina miki shafin, ki tambaye shi inda ya samo kowanne, ki kuma tabbatar cewa rajistar sunan shafin da asusun masaukinsa da imel ɗinki aka buɗe su.