Kalmar Ɗaki A Bakin Bahaushe

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so mu ɗan duba wata kalma da muka raina saboda sabo, watau ɗaki. Na sha jin wasu a ajinmu suna cewa turaka ita ce wurin mata. Ba haka ba ne. Turaka ta maigida ce, can matarsa ke zuwa ranar girkinta. Abin da yake na mace shi ne ɗaki, can ciki kuma akwai ƙurya, inda take adana abin da ba ta son ido ya gani.

To, amma ɗaki ya wuce bango da rufi. Idan aka ce wa mai yaji, "Ki koma ɗakinki," ai aure ake nufi. Haka nan addu'ar da tsofaffinmu na Dutse da Kiyawa ke yi wa amarya, Allah ya zaunar da ita a ɗakinta. Magidanci mai kunyar faɗin sunan matarsa sai ya ce "mai ɗakina". Ku lura, ita ce mai shi, don gado da kwanonin da aka yi mata jere duk nata ne. 'Ya'yan da suka haɗa uwa kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma a nan ne rigimar gādo takan samo tushe a gidan mata da yawa. Har a fada kalmar ta shiga, don a Kano mahaifiyar sarki ita ce Mai Babban Ɗaki.

A cikin Alƙur'ani, sura ta 49 sunanta Hujurat, watau ɗakuna, na matan Annabi (SAW), kuma an tsawata wa masu ƙwala masa kira daga bayansu.

Marubutanmu mata sun fi kowa sanin nauyin wannan kalma. A littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya. Ni a ganina abin da ya fi ciwo a labarin shi ne matar da ta yi shekaru ana kiranta mai ɗaki ta wayi gari ba ta da inda za ta aje tabarma. Ashe kayan ne nata, ginin na miji ne.