Wace Na'urar Sanyaya Ɗaki Zan Saya?

Wani mai sauraronmu daga Sakkwato na tambaya: wace iyakwandishan ce ta dace da ɗakinsa?

To Malam, fara auna ɗakin. Ɗakin kwana mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, mai ƙarfin doki 1 ta wadatar. Amma in rufin kwano ne, rana kuma tana dukan bangon yamma, gara doki 1.5, don zafin bazarar Sakkwato ba wasa ba ne. Falo babba kuwa, sai doki 2.

Ni dai mai inbata nake so: ta fi tsada, amma ba ta cin wuta sosai, kuma ba ta fizgar janareta lokacin tashi. Da hunturu, ka riƙa wanke matacinta duk bayan mako 2.