Alamun Ƙishirwa Da Wahala Ga Dabba: Darasi Daga Hawainiya

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan fari ya sauka, zafin rana a Birnin Kebbi da Argungu ya kan haura digiri 40 a ma'auni. Gulbin Rima ya ja baya, tafkunan fadama sun ƙafe sai laka. A wannan lokaci ne masu kiwo su ke hasarar tumaki da awaki da kaji ba tare da wata annoba ta shigo gari ba. Mutum ya bar ragonsa a tsaye da safe, da la'asar ya tarad da shi a kwance, sai ya ce mutuwar farat ɗaya ce. Alhali kuwa dabbar ta yi kwana biyu ko uku tana nuna alamu, ba a kula ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta ƙara nauyi. Babbar Salla ta 2024 ta faɗo ran 16 ga Yuni, ta 2025 ran 6 ga Yuni, kowace shekara kuwa tana matsowa gaba da kamar kwana 11. Watau na shekaru da dama turka ragon layya zai riƙa faɗawa a tsakiyar bazara. Wanda ya zuba jarinsa a turke lalle ne ya iya karanta jikin dabbarsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, babu kuwa halittar da ta fi hawainiya bayyana wannan.

ABIN DA MASU KIWON HAWAINIYA SU KA GANO

Manomi ya san hawainiya a gonar rama da reshen bishiya. Ba ta da dafi, abincinta fara ne da ƙuda da sauran ƙwari, sabo da haka abokiyar manomi ce. A Turai da Amurka akwai masu ajiye ta a gida kamar yadda a ke ajiye aku ko tantabara, an daɗe kuwa ana fitad da irin ta Afirka ta Yamma daga Togo da Benin da Gana. Ƙetare iyakar ƙasa da ita sai da takardar izini, bisa yarjejeniyar cinikin namun daji da aka ƙulla a Washinton a 1973.

Da ya ke dabba ce mai saurin mutuwa a hannu, masu kiwonta sun koyi lura ƙwarai. Abu na fari da su ka gano shi ne yawanci ba ta shan ruwa a kasko. Raɓa ta ke lasa, da ɗigon ruwa a kan ganye. Sai a ajiye mata ruwa cike da mazubi, ƙishirwa ta kashe ta a gefensa. Idonta mai lafiya a cike ya ke, a tsaye kamar ƙwallo, yana juyawa ko'ina. In ruwa ya ƙaranta a jikinta, sai idon ya faɗa ciki, fatar ta saki ta yi tamoji, yawunta ya yi kauri. A kashinta akwai wani farin abu, wanda shi ne a madadin fitsari. In ya koma rawaya sosai ko ruwan goro, ruwa ya yi mata kaɗan.

Launinta ma ba don sajewa da wuri kaɗai ta ke sauya shi ba. Zafi da sanyi da tsoro da fushi duk suna sauya shi. A 2015 masana a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan sun nuna cewa a fatar wata hawainiya ta Madagaska akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ƙyalli, waɗanda matsuwarsu ko warwatsuwarsu ke sauya launi. Hawainiyar da ta yi baƙi da sanyin safiya rana ta ke sha, ba kome. Amma wadda ta wuni da baƙin launi, ta rufe ido da rana, ta buɗe baki, ko ta sauko ƙasa ta kasa riƙe reshe, wannan tana cikin wahala. Yaron da ya kamo ta ya sa a kwali, abin da ya fi shi ne a sa shi ya mai da ita kan reshe mai ganye.

To, darasin ke nan: ido, da fata, da baki, da abin da ke fita. Waɗannan wurare huɗu su ne za a duba ga rago da akuya da maraƙi.

WURARE HUƊU

Na ɗaya ido. Idon dabba mai lafiya a cike ya ke, yana sheƙi. In ya faɗa ciki har aka ga rata tsakanin ƙwayar ido da fatar ido ta ƙasa, ruwa ya riga ya ragu da yawa.

Na biyu fata. A kama fatar wuya da yatsa biyu, a ɗaga, a saki. Ta mai lafiya ta kan koma nan take, kafin a ƙirga biyu. In ta tsaya a tattare har aka ƙirga huɗu ko biyar, akwai ƙishirwa mai tsanani. Amma fa tsohuwar dabba ko ramammiya fatarta da ma ba ta saurin komawa, sabo da haka kada a dogara ga wannan shi kaɗai.

Na uku baki. A ɗaga leɓe a taɓa dasashi. Ya kamata a ji shi da danshi da santsi. In ya bushe ko yana kama yatsa, alama ce. A danna shi, wurin zai yi fari, ya kuma komo ja-ja kafin daƙiƙa 2. In kuwa dasashin da cikin ido fari ne fat tun ba a danna ba, wannan ƙarancin jini ne, galibi daga tsutsar ciki ko ciwon hanta, maganinsa dabam.

Na huɗu abin da ke fita. Fitsari kaɗan mai duhu, da kashi ƙanana busassu kamar tsakuwa, alamar ƙarancin ruwa ne. Zawo kuma ya fi kome saurin tsotse ruwan jiki, ya kan kashe ɗan tunkiya ko ɗan akuya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Likitocin dabbobi suna lissafta abin da nauyin jiki. Alamu su kan fara bayyana in dabba ta rasa ruwa kamar kashi 5 ko 6 cikin 100 na nauyinta. In ta kai kashi 10 zuwa 12, sai ta kwanta, kunnuwa da ƙafafu su yi sanyi, mutuwa ta kusa. Ga rago mai kilo 40, kashi 5 cikin 100 lita 2 ne kawai.

ALAMUN ZAFI DA WAHALA

Kamar baƙin hawainiya na safiya, ba kowane haki ne abin tsoro ba. Ragon da aka koro daga kasuwa dole ya yi haki, ya huta ya daina. Wanda za a ji wa tsoro shi ne mai haki a inuwa, a tsaye wuri ɗaya. Tunkiya mai hutawa numfashinta bai cika wuce 30 a minti ba. In ta buɗe baki, harshe a waje, kai a sunkuye, tana dalalar da yawu, zafi ya kusa kayar da ita. Sauran alamun su ne barin tuƙa, ƙin abinci, ware kai daga garke, da cizon haƙora.

Kaza ba ta gumi. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki, ta saki fukafukai nesa da jiki, ta rage ci. Ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. In ƙishirwa ta yi nisa, zankon zakara ya kan yanƙwane ya yi duhu, fatar ƙafa ta bushe. Manyan kaji masu ƙiba su ke fara mutuwa, galibi tsakanin azahar da la'asar.

RAGON TURKE DA DUSA

Ƙasar Kabi ƙasar shinkafa ce, dusa ba ta wuya, masu turka kuwa suna son rago ya yi saurin cika ido. Amma dusa da hatsi da yawa, ga ruwa kaɗan, su kan tara tsakuwa a mafitsarar rago har ta toshe hanyar fitsari. Za a gan shi yana yunƙuri, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan ko babu sam, yana harbin cikinsa, yana kaɗa wutsiya. Wannan ba na jira ba ne, in aka yi sake mafitsara ta kan fashe. A kai shi asibitin dabbobi a ranar. Rigakafinsa a haɗa dusa da harawa da ciyawa, a sa ɗan gishiri don ya ƙara shan ruwa, kada kuma a bar komi ya bushe.

YAWAN RUWA

A lokacin zafi babban rago, irin Uda ko Balami, yana bukatar kamar lita 5 zuwa 8 a yini. Tunkiya ko akuya mai shayarwa ta fi haka. Babbar saniya lita 30 zuwa 50. Kaji 100 masu ƙwai su kan sha kamar lita 20 a lokacin sanyi, da bazara kuwa abin ya kan kusa ninkawa. Shayarwa sau ɗaya a yini ba ta isar dabbar da ke ɗaure.

A tuna da hawainiyar da ta mutu a gefen kasko. Ajiye ruwa dabam, shansa dabam. Ruwan da ya wuni a rana cikin kwanon ƙarfe, ko wanda kashi ya faɗa ciki, dabba ta kan ƙi shi. Manya kuma su kan hana ƙanana. A ajiye komi a inuwa, a wanke shi kullum, a ƙara mazubi na biyu. Ruwan rijiya ya fi na kududdufin fadama, inda katantanwa ke yaɗa tsutsar hanta. Akurki mai rufin kwano a shimfiɗa masa ciyawa ko zana a sama, a ba kaji abinci da sassafe da kuma yamma.

GA FATAKE

Mai sayen dabba a Jega ko Argungu don kaiwa Badun ko Ikko ya yi wannan duba kafin ya biya kuɗi. Dabbar da idonta ya faɗa tun a kara da wuya ta kai ƙarshen tafiya. A shayar da su kafin lodi, a yi lodi da yamma ko da asuba, kada a cunkusa. Mota in ta tsaya a rana ta fi mai tafiya zafi, sabo da haka a tsaya a inuwa.

IN AN GA ALAMUN

A kai dabbar inuwa mai iska, a kwance mata igiya. A zuba mata ruwa mai ɗan sanyi a wuya da ƙafafu da ƙarƙashin ciki. A ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, a huta, a sake. Ga babbar dabba a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma ɗan da ke shan nono cikinsa ba ya narkar da sukarin shayi, ya kan ma ƙara masa zawo. Shi a nemo masa ƙullin gishiri da gulukos na kantin magani, kada kuma a raba shi da nonon uwa.

Dabbar da ta kwanta ba ta iya haɗiya kada a ɗura mata kome, don ruwan huhu zai shiga. Wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya a hannun malamin dabbobi. Haka kuma in zawo ya zo da majina da gyambo a baki, dabbobi da yawa su ka kamu tare, ba ƙishirwa ce kaɗai ba. A ware marasa lafiya, a sanad da ma'aikatar dabbobi, a kuma yi wa sauran garken zancen allurar rigakafi irin wadda cibiyar Vom, da aka kafa a 1924, ta ke sarrafawa.

An ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda na ke gani yau da gobe. Mai rago yana ganinsa kullum, shi ya sa ba ya lura da sauyinsa. Minti 2 kowace safiya, a dubi ido, a ɗaga fata, a taɓa dasashi, a dubi ƙasan turke, sun isa su tsare jarin wata uku.