Itatuwan Gona da Lafiyar Gida

Ya kai mai karatu, in an tambaye ka mene ne abinci, watakila ka ce tuwo. Ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka faɗi duka ba. Tuwo yana cika ciki, yana ba mutum ƙarfin noma da tafiya. Amma jiki yana bukatar waɗansu abubuwa waɗanda babu su da yawa cikin gero, ko dawa, ko masara. Yawancinsu cikin miya suke. In kuwa ka bi asalin kayan miya, sai ka tarar da yawa daga cikinsu daga bisa itace aka sauko da su. Saboda haka wanda ya kiyaye itatuwan gonarsa, lafiyar iyalinsa ya kiyaye.

Aikin abinci cikin jiki

Aikin abinci iri uku ne. Na fari, ba da ƙarfi. Wannan aikin hatsi ne, da rogo, da dankali, da mai. Na biyu, gina jiki, watau tsoka da jini. Wannan aikin nama ne, da kifi, da ƙwai, da nono, da wake, da gyaɗa, da daddawa. Na uku, tsare jiki daga cuta. Wannan aikin ganye ne da 'ya'yan itace, don a cikinsu akwai waɗansu sinadarai da likitoci ke kira bitamin. Ido ba ya ganinsu, kuma kaɗan jiki ke bukata, amma in babu su sai lafiya ta tafi.

Ka san dundumi, watau mutum ya kasa gani da zarar almuru ta yi. Mafi yawan abin da ke kawo shi rashin bitamin A ne. In abin ya yi tsanani ga yaro, yana iya makancewa. Ana samun wannan bitamin cikin hanta, da manja, da kabewa, da mangwaro, da gwanda, da koren ganye.

Ka san kuma tamowa. Cikin shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a Ankara, ƙasar da ake kira Gana yau, ta rubuta labarin wata cuta ta yara waɗanda aka yaye aka bar su da kokon masara kawai. Sai ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja, su daina wasa. Cikin 1935 ta kira cutar da sunan da mutanen Ga ke kiranta, watau kwashiyoko. Ka lura, yaran nan ba su rasa abin sa wa a baki ba. Abinci iri ɗaya tak suke ci.

Itatuwa masu ciyarwa

Dubi kuka. Ganyenta shi ne miyar da ba ta yankewa, rani da damina, kuma yana taimakon ƙashi da jini. Farin garin da ke cikin 'ya'yanta kuwa ya fi lemo bitamin C, in an auna su nauyi ɗaya.

Dubi ɗorawa. Da kalwarta ake yin daddawa, abinci mai gina jiki wanda talaka ke iya samu ran da babu kuɗin nama. Kaɗanya kuma tana ba da mai. Waɗannan biyu sun fi son inda ruwan sama ke da yawa.

Dubi zogale. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida. Yana da saurin girma, yana jure fari, ganyensa kuwa yana gina jiki yana kuma tsare ido. Ga magarya, da kanya, da goruba, da aduwa, waɗanda yara ke tsinta.

Sai gawo. Ba a miya da shi, amma shi ke ciyar da gona. Halinsa dabam ne da na sauran itatuwa: da damina yakan zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuwa taki ne. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi kyau. 'Ya'yansa kuma abincin awaki da shanu ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabba in ta ƙoshi kuwa sai nono ya samu.

Babban amfanin itace shi ne saiwarsa na zuwa nesa cikin ƙasa. Shekarar da ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone, itace yana nan da ganyensa.

Labarin mutanen Maraɗi

A da, an koya wa manoma da yawa cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ta tas, ba ko kututture. Aka yi ta sara, don noma da don itacen wuta. Da aka yi babban fari na 1973, aka sake wani cikin 1984, sai ƙasar Maraɗi cikin Nijar ta zama fili fetal. Iska takan kwaso rairayi ta binne shuka, har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku. An yi ƙoƙarin dasa sababbin itatuwa, amma yawancinsu suka mutu.

Cikin 1983 wani malamin gona, mutumin Ostireliya, mai suna Tony Rinaudo, ya lura da wani abu. Ashe ƙananan tsirran nan da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Toho ne na itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya shiga shawartar manoma su riƙa barin toho, suna gyara shi. Da fari kaɗan suka yarda, har ana yi musu dariya, ana cewa ƙazaman manoma ne. Da aka ga gonakinsu sun fi, sai maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Mutanen ƙasar suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

Cikin 2009 masana suka ba da ƙiyasi cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo cikin gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, yawanci a ƙasashen Maraɗi da Damagaram. Hekta ɗaya kamar eka biyu da rabi ce. Ba injin aka yi wannan aiki da shi ba. Adda ce, da gatari, da haƙuri.

Abin da za ka yi

Na ɗaya, in ka je sassabe, kada ka sare kowane toho. Zaɓi kututturen itace mai amfani, ka bar rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ka yanke sauran. Ka rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawo. Abin da ka yanke ya zama itacen wuta.

Na biyu, shuka zogale cikin gida, inda ruwan wanke-wanke ke bi. In ya kai tsawon mutum, ka datse kansa don ya yi rassa, hannu ya riƙa kai wa ga ganyen.

Na uku, ka gaya wa iyalinka su shanya ganye a inuwa, don rana na rage amfaninsa. A sa masa ɗan mai ko ƙuliƙuli, gama bitamin A ya fi shiga jiki tare da maiƙo.

Na huɗu, jariri nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. Bayan nan a ci gaba da ba shi nono, a riƙa ƙara masa kunu mai kauri da gyaɗa, ko wake, ko garin ganye. Kada manya su cinye gaban miya su bar wa yara da masu ciki baya.

Na biyar, ka sani ganye abinci ne, ba ya maye gurbin likita. In ka ga ƙafafun yaro sun kumbura, ko yana ta ramewa, ko ba ya gani da dare, kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kukar da ake miya da ita a gidanka yau, ba kai ka shuka ta ba. Wani ne ya bar ta tun tana ƙarama. Kai ma ka bar wa na bayanka.

Tambayoyi

1. Aikin abinci iri nawa ne? Faɗe su.
2. Me ke kawo dundumi?
3. Don me gero ya fi kyau a gindin gawo?
4. Yaya ake sassaben zamani?
5. Ƙirga itatuwan da ke cikin gonarka, ka rubuta sunan kowanne da amfaninsa.